Burtali a Ƙasar Tsiga

Tun kafin mota ta shigo kudancin ƙasar Katsina, akwai hanyar da ake tattalinta ƙwarai, watau burtali. Shi ne ake bari tsakanin gonaki don shanu su wuce mashaya da makiyaya ba ɓarna. A Tsiga da sauran garuruwan wajen Funtuwa da Malumfashi, manomi ya kan kafa shingen aguwa ko cini-da-zugu a bakin gonarsa. Reshe kawai ake yankowa a kafa, sai ya kama, dabba kuwa ba ta cinsa. Ba ya ruɓewa kamar dangar kara. Wanda duk ya ci burtali da garma, Dagaci ya kan sa shi ya ja da baya.

Da reluwe ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙaura Namoda a 1929, auduga ta yi kuɗi, gona ta yi daraja. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, amma doka ba ta dasa aguwa. Da aka rushe En'e a 1976 ikon Dagatai ya ragu. Kunya bayan kunya noma ya cinye burtali, har a wurare da yawa ya toshe. Garke ya rasa hanya sai ya faɗa gona, rigima ta tashi, wani lokaci har da asarar rai.