Yadda farin ƙuda ya jiƙa wa audugar Gezira aiki

1/ Jama'a ku matso. Ina karatun jarrabawar ƙwarin amfanin gona na ci karo da wani tarihi da ya hana ni barci, na ce sai na kawo muku. Labarin farin ƙuda ne, ɗan mitsitsin ƙwaron nan da ke tashi fuu idan ka girgiza ganyen tumatir ko rogo.

2/ A 1925 Turawan Ingila suka kammala madatsar ruwa ta Sennar a Sudan, aka buɗe gandun Gezira don noma wa masaƙun Ingila auduga. Kuma mutanenmu na ciki: Hausawa da Fulani masu tafiya Makka a ƙasa da yawa sun yada zango a nan suna tsinkar auduga. Garin Mai Wurno, da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana kusa da Sennar ɗin.

3/ Da farko farin ƙuda ba shi ne babban abokin gaba ba, duk da an gano shi ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Wajen 1945 aka fara feshin DDT saboda wasu ƙwarin daban. Takin zamani ma aka riƙa ƙarawa.

4/ To ga inda abin ya ɗaure min kai. Farin ƙuda ruwan jikin ganye yake tsotsa. Ruwan nan sukari ya yi masa yawa, amma sinadaran gina jiki kaɗan ne. Da ka zuba taki mai naitirojin, irin yuriya, sai sinadaran su ƙaru. Macen takan fi son irin wannan ganye mai laushi, ta jera ƙwai a bayansa.

Kuma zaɓinta ba wasa ba ne. Ɗan da ya ƙyanƙyashe ɗan rarrafe kaɗan yake yi, ya kafa baki wuri guda, shi ke nan, ba ya sake motsi har ya yi fiffike. Inda uwa ta ajiye shi, nan abincinsa yake. Ganye mai ƙoshi, 'ya'ya su rayu da yawa.

5/ Tun shekarun 1950 masana a Gezira suka lura da alaƙar yawan ƙwaron da naitirojin ɗin ganye. Ba a fasa ba dai.

6/ Zuwa ƙarshen shekarun 1970 abu ya dagule. Feshi ya kashe ƙananan zanzaron da ke cin 'ya'yansa, shi kuwa ya saba da maganin. Sukarin da ya yi masa yawa kashinsa yake yi, wani ruwa mai danƙo kamar zuma, ya ɗiga kan farar auduga. Ta yi danƙo, ta yi baƙin fumfuna, ta riƙa liƙe wa injinan kaɗi. Masu saye a waje suka karya mata farashi.

Masana na jayayya kan laifin wa ya fi, feshi ko taki. Ni dai a ganina an yi wa ƙwaron gata biyu ne lokaci guda.

7/ Daga baya aka rage feshi, aka kuma samar da irin auduga marar gashi mai tsagaggen ganye, wanda ƙwaron ba ya jin daɗin zama a kai.

8/ Da na je hutu na karanta wa Baffana wannan, shi da ke ninka yuriya a tumatirin rani. Ya ce, “Ɗan boko, ganyen da bai yi kore shar ba ai yunwa yake ji.” Na juya masa bayan ganye ɗaya, muka tsaya ƙirga ƙwai.