Jeren Rubutu a Faifan Kwamfutar Dā, da Abin da Ya Rage a Akwatunanmu



Kwanakin baya Mai Girma Sarki ya umarce ni da in nemo wata wasiƙa da muka aika kan filin makarantar zango a ƙarshen shekarun 1990. Na buɗe akwatin ƙarfe, takardar ba ta ciki, sai ƙananan fayafayan kwamfuta masu kusurwa huɗu, waɗanda matasanmu ba su taɓa riƙewa ba. Na san wasiƙar tana cikin ɗayansu, amma na rasa na'urar da za ta karanta. Na koma na ce, "Ranka ya daɗe, tana nan, amma bakinta a rufe yake." Wannan ne ya sa na waiwayi tarihin faifan.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1971, faɗinsa inci 8. A 1976 kamfanin Shugart ya rage shi zuwa inci 5 da kwata, sannan Sony na Japan ya kawo mai inci 3 da rabi a farkon shekarun 1980. Wannan na ƙarshe shi ne ya iso hannunmu. A cikin ɓawonsa akwai wani siririn faifai mai maganaɗisu. An raba kowace fuska tasa zuwa da'ira 80, kowace da'ira gurbi 18, kowane gurbi yana ɗaukar harafi 512. Yana juyawa sau 300 a minti, wato sau biyar a sakan, yayin da wani ɗan baki mai karatu, wanda za mu kira allura, yake tafiya daga da'ira zuwa da'ira.

Jinkiri iri biyu ne ke damun mai aiki da shi: tafiyar allura zuwa da'irar da ake so, da jiran gurbin ya juyo ƙarƙashinta. Masu kwamfutocin gida na farko, irin su Apple II da Commodore 64, sun yi wa kowanne dabara. Faifansu da'ira 35 gare shi, sai suka ajiye jerin sunayen abin da ke ciki a da'irar tsakiya, kamar yadda ake kafa kasuwa a tsakiyar gari, don kada allura ta yi doguwar tafiya ko ta wane gefe. Game da jira kuwa, sun lura cewa kwamfutar ba ta gama haɗiye gurbi ɗaya ba, na gaba ya riga ya wuce, sai a jira zagaye guda cur. Saboda haka suka daina jera rubutu gurbi bayan gurbi. Na'urar Commodore takan tsallake zuwa gurbi na goma kafin ta ajiye ci gaban, domin ya iso daidai lokacin da aka shirya karɓarsa. Tazarar da ido zai ɗauka ɓarna ce, ita ce ta kawo sauri.

Wata dabarar tasu ce ta fi taɓa ni. A faifan Commodore, farkon kowane gurbi yana ɗauke da alamar da'ira da gurbin da ci gaban yake. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san wannan. Littattafan malamanmu warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, ba a ɗinke ba, kuma marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa ta gaba a ƙasan shafi, don ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace wurinta. Matsala ɗaya ce ta haɗa malami da injiniya, kuma amsa ɗaya suka samo.

Mu da muka yi aiki da faifan a ɗakunan buga takardu, wata cuta muka sani. Idan aka yi ta rubutawa ana sharewa, wasiƙa ɗaya takan rarrabu a wurare da dama, sai ka ji na'ura tana ta gurnani tana kai da komo. Maganin da aka koya mini shi ne a ɗauko sabon faifai wanda ba komai a cikinsa, a kwashe takardun ɗaya bayan ɗaya, a fara da wadda aka fi buɗewa. A irin faifanmu jerin sunaye yana bakin gefe ne, don haka wadda aka fara zubawa ita ke zama kusa da shi, kuma kowace takan kwanta a dunƙule. Idan aka kwafe faifan ɗungurungum, har warwatsuwar ake kwafewa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin 1892, ya rasu a can a 1934, har littafi ya rubuta kan ilimin tsara wasiƙa. Rubuce-rubucensa suna nan ana karantawa, kuma a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kwafen irin waɗannan takardu daga hannun malamai. Namu kuwa, na shekara ashirin da 'yan kai, suna mutuwa a akwati. Sony ya daina yin faifan a 2011. Zafi da danshin damina da ƙurar hunturu suna cin maganaɗisunsa a hankali. A ciki akwai batun filaye, da naɗin sarauta, da sunayen waɗanda suka ba da gudummawar gini. Jama'ar da take 'yar kaɗan a ƙasa, takardarta ita ce shaidarta ranar gardama.

Ina roƙon magatakardan sarakuna da na ƙungiyoyi su duba akwatunansu tun kafin wata damina. Har yanzu ana samun ƙaramar na'urar karanta faifan wadda ake jona wa kwamfutar yau ta kafar USB. Tata muke jira daga wani ɗanmu da ke Kumasi. A kwashe abin da ya karantu, a buga muhimmai a takarda, a rubuta jerin sunayensu da shekarunsu a saman tarin, a kuma ajiye kwafe a gida biyu. Wanda ya samu na'urar a garinsa ya sanar da sauran.