Baƙuwar Wasiƙa da Amanar Ciniki a Tamanrasat

Lokacin da Charles de Foucauld, malamin Kirista ɗan Faransa, ya sauka a Tamanrasat cikin 1905, garin bai wuce gidaje ashirin ba, bukkokin manoma ne a bakin busasshiyar ƙorama tsakanin duwatsun Ahaggar. Babbar hanyar fatake ma ba ta nan ta bi ba. Ayarin Kano yakan bi ta Damagaram da Agadas, ya faɗa Gat, ya wuce Gadamas har Tarabulus. Abin da ya haɗa mutanen Ahaggar da ƙasar Hausa shi ne abin sawa a baka. Sukan haƙo gishiri a filin Amadror, su ɗora wa raƙuma, su gangara Damargu su musanya shi da gero, su koma gida bayan watanni. Kakannina na cikin masu auna musu geron, kuma ta dalilin wannan huldar ce wani reshe na gidanmu ya yi ƙaura zuwa Tamanrasat.

A irin wannan ciniki ba kullum ake rabuwa hannu da hannu ba. Wata shekarar damina ta yi gardama, gero ya yi wuya, sai a karɓi gishiri a ce a dawo baɗi. Wata shekarar raƙuma sun mutu a hanya, sai manomi ya ba da gero bashi. Babu kotun da ikonta ya haɗa Amadror da Damargu, babu ɗan sandan da zai bi sawun mutum cikin Sahara. Abin da ake da shi kawai shi ne sanayya. Kowane madugu yana da gidan da yake sauka, uba ya sauka a nan, ɗa ma nan zai sauka. Wanda ya ci amana a bana, baɗi ba shi da inda zai durƙusar da raƙuminsa.

Manyan attajiran Gadamas da ke zaune a Kano, waɗanda Heinrich Barth ya tarar a 1851, da wasiƙa suke tafiyar da harkarsu. Mutum yana Kano, ɗan'uwansa yana Gat, wakilinsa yana Tarabulus, sai a rubuta da Larabci: kaya kaza na turkuɗi da fata na tafe, ka biya wane kuɗi kaza, ga farashin haure a nan. Amma takardar ba ita kaɗai ake gaskatawa ba. Mai karɓa ya san rubutun hannun mai aikowa, ya san madugun da ya kawo ta, ya kuma san gidan da za a je a yi ƙorafi in magana ta saɓa. Wasiƙar da ta zo daga wanda ba a sani ba, ta hannun wanda ba a sani ba, sai dai a karanta a ajiye. Ba wanda zai kwance ɗaurin kaya saboda ita.

Hausawa sun mai da wannan sanayya sana'a mai zaman kanta, wato aikin mai masauki da dillali. Baƙo ya zo da kaya, mai masauki ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa dukiya, ya sa dillalinsa ya nemo mai saye. In mai sayen ya ce sai nan da wata zai biya, mai masauki ne ke tsayawa, in kuma ya gudu, daga aljihunsa zai cika. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda mahauta ke ɗaukar shanu bashi bisa lamunin maigida. Abin da ya gani a can kusa da teku shi ne abin da na tashi na tarar a tsakiyar hamada. La'adar da ake ba su kuɗin kasada ce: ana biyan mutum ne don ya yarda a kama shi in ciniki ya lalace.

Sanayya ma takan ci mutum, kuma Tamanrasat tana da shaidar haka da ba ta mantuwa. A 1916 Foucauld ya gina ganuwar ƙasa mai kauri, wadda har yau tana tsaye a cikin gari, domin ƙasar ta ɗauki zafi. A watan Disamban shekarar ne Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa, ya yi wa Agadas ƙawanya. Ganuwar ba ta fasuwa da bindigar hannu. Da yammacin 1 ga Disamba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Muryar wani manomi ce da Foucauld ya sani, mai suna El Madani, ya ce masa wasiƙu ne suka iso daga barikin Faransawa na Motylinski. Ya buɗe, ya miƙa hannu don ya karɓa, sai aka cafke hannun aka fizgo shi waje, inda mahara ke laɓe. A daren aka harbe shi. Da ɗan gari akan ci gari. Dabarar kuwa ba ta tsufa ba: a zo maka da abin da kake jira, cikin muryar da ka saba ji.

Daga nan gari ya yi ta sauyawa. A shekarun 1930 motocin wani kamfanin Faransa sun fara jigila daga birnin Aljiyas, ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, har Kano. Nijar ta sami 'yanci a 1960, Aljeriya a 1962, iyaka ta zama abin gaske, farin da aka yi a 1973 kuma ya ƙarasa abin da ya rage na ayarin gishiri. A 1974 Tamanrasat ta zama hedkwatar jiha, a 1978 kwalta ta iso ta daga arewa. Manyan motoci suka gaji raƙuma, suna bi ta In Gezzam da Asamaka zuwa Arlit. Kasuwar baje koli ta Asihar ta zama matattarar 'yan kasuwar Aljeriya da Nijar da Mali, kuma hukuma ta halatta musayar kaya da kaya a jihohin kan iyaka: dabino da gishiri da barguna da kayan roba su yi kudu, dabbobi da lalle da gyaɗa da kayan yaji su yi arewa.

A wannan zamanin ne wan mahaifina, wanda muke kira Baba, ya riƙe masauki a unguwar Gat el Wad. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ɗaurewa da robar taya, kowane shafi da sunan mutum ɗaya, da na ubansa, da garinsu, da wanda ya kawo shi. Wannan na ƙarshen ya fi kula da shi. Na ga ranar da wani saurayi mai tsabta ya shigo da takarda mai hatimi, wai wani babban attajiri ne ya aiko shi ya ɗauki buhunan dabino, kuɗi na biye. Baba ya sa aka ba shi shayi, ya karanta takardar har ƙarshe, ya ninke ta ya mayar masa.

"Yaro, wa ya san ka a garin nan?"

"Alhaji, ai ga takarda."

"Na ga takarda. Takarda ba ta da gida. Je ka zo da wanda in na neme shi gobe da asuba zan same shi a masallaci."

Saurayin bai dawo ba. Baba bai ce masa ɓarawo ba, bai kuma taɓa cewa ya tabbata ɓarawo ne ba. Abin da yake faɗa shi ne ba a cinikin biri a sama.

A shekarar da kwalta ta iso mana, 1978, wani ɗan talla mai suna Gary Thuerk a Amurka ya tura saƙo guda ga mutane wajen 400 da ba su nema ba, yana tallar kwamfuta. Shi ake ɗauka a matsayin farkon saƙon imel na shara. A 1985 aka yi rajistar symbolics.com, sunan shafin intanet na farko a rukunin .com. Sunan shafin intanet kamar rumfa ce a kasuwa: haya kake biya shekara-shekara, in ka daina a ba wani, kuma ta bakin hanya ta fi ta lungu daraja. Kowace ƙasa da nata rukunin, Aljeriya .dz a hannun cibiyar CERIST, Nijar .ne, Nijeriya .ng. Da mutane suka gane gajeren suna dukiya ne, sai farashi ya haukace. An sayar da business.com dala miliyan 7.5 a 1999, voice.com kuma dala miliyan 30 a 2019. Dandalin gwanjo irin su Sedo da GoDaddy da SnapNames suka buɗe, inda ake taya sunayen da masu su suka sa a kasuwa, da waɗanda hayarsu ta ƙare aka sake su.

Inda dukiya ta taru, baƙuwar wasiƙa ba ta nisa. Shekaru da dama duk wanda ya yi rajistar suna, adireshinsa da lambar wayarsa suna nan a fili cikin kundin WHOIS, masu tura shara suna kwasa yadda suka ga dama, sai a 2018 dokar kare bayanai ta Turai ta sa aka rufe yawancinsu. Tun 1995 ma an sace wa wani Ba'amurke, Gary Kremen, suna mai tsada da jabun wasiƙa guda da aka aika wa masu rajista, suka gaskata ba tare da sun tuntuɓe shi ba. Sai da aka kai 2001 ana shari'a kafin kotu ta yanke masa diyyar dala miliyan 65. Mu da damfarar 419 ta ɓata wa suna a duniya, ya kamata mu san cewa wannan sana'a ba ta da ƙabila.

Ɗan ƙanwata, wanda ke sayar da dabino ga 'yan kasuwar Agadas da Maraɗi, ya yi wa shagonsa rajistar suna. Wata rana ya shigo yana murmushi har kunne.

"Kawu, arziki ya zo. Wani Bature zai sayi sunan shagona da dala dubbai."

Na karɓi wayar na karanta. Saƙon ya kira shi da sunansa, ya ambaci dabino, yana ɗauke da tambarin wani dandalin gwanjo. Sharaɗi ɗaya ne: sai ya fara biyan wani kamfani, wanda mai sayen da kansa ya zaɓa, kuɗin ƙiyasta darajar sunan. Na ce masa ya duba adireshin da saƙon ya fito harafi bayan harafi. Harafi ɗaya ne ya bambanta da na dandalin gaskiya. Na tambaye shi, a duk kasuwar Asihar ya taɓa ganin mai sayen rago ya ce wa mai rago ya fara ba shi kuɗi? Kuɗin ƙiyasin nan shi ne cinikin gaba ɗaya, da zarar an biya, mai saye ya ɓace. Akwai 'yan'uwan wannan dabara: saƙon da ke cewa hayarka ta ƙare ka biya yau, da wanda ke cewa wani zai ƙwace sunanka a wani rukuni in ba ka yi maza ba. Dukkansu gaggawa suke sayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne cikin gidan gwanjon kansa. A kasuwar dabbobi mun san ɗan ƙarin taya, wanda dillali ke haɗa baki da shi ya riƙa ɗaga farashi alhali ba saye zai yi ba. Amma a kara fuskarsa a bayyane take, in ya yi sau biyu an gane shi, sarkin kasuwa ya ji labari. A intanet wanda kuke takara da shi laƙabi ne kawai a kan allo. A Nuwamban 2009 kamfanin SnapNames ya fito ya sanar cewa wani babban ma'aikacinsa ya shafe shekaru yana taya sunaye a ɓoye da laƙabin halvarez, yana sa masu saye biyan fiye da kima, kuma kamfanin ya yi tayin mayar da kuɗi ga waɗanda abin ya shafa. Na yaba da fitowa fili da biyan. Sai dai dubban mutane sun yi ta gogayya da shi shekara da shekaru ba su da hanyar ganewa, saboda littafin yana hannun mai gidan shi kaɗai.

Masu wannan harka sun ƙare da komawa ga tsarin Baba, ko da ba su taɓa jin labarinsa ba. Kamfanoni irin su Escrow.com, wanda aka kafa a 1999, aikinsu riƙon amana: mai saye ya ajiye kuɗi a wurinsu, mai sayarwa ya miƙa suna, sai an tabbatar ya shiga hannu sannan a saki kuɗin, su cire la'adarsu. Suna da lasisi da ofis da hukumar da ke sa musu ido, wato akwai inda za a same su. Matasanmu na ƙorafin cewa kason ya yi yawa, kamar yadda na sha jin masu dabino suna ƙunƙuni in za su ba dillali nasa. Shawarata ga ɗan ƙanwata da tsararrakinsa ba ta da tsawo. Kada ka shiga dandali ta ƙofar da baƙon saƙo ya nuna maka, rubuta adireshin da hannunka. Kada ka biya wanda ya ce saye zai yi. In ciniki ya kai a ƙirga kuɗi, nemi na tsakiya wanda ku biyu kuka yarda da shi, wanda zai yi asara in ya cuce ka, ka ba shi la'adarsa da daɗin rai, domin duk tsadarta ba ta kai asarar uwar kuɗi ba.