IKON ALLAH: Littafin da ya koyar da kimiyya da bakin Bahaushe

Mai karatu, in aka ce maka Abubakar Imam, na san Magana Jari Ce za ta fara faɗo maka a rai, ko Ruwan Bagaja. To amma akwai wani littafin da ba a cika ambato ba, wanda ya rubuta tare da Dakta Rupert East, wato Ikon Allah. Kamfanin Gaskiya da ke Zariya ne ya buga shi a 1949. Babu soyayya a ciki, babu aljanu. Bayani ne a kan halittu iri-iri na cikin duniya, abin da yau za mu kira kimiyya.

Bari in ɗan koma da kai baya. A 1929 gwamnatin Turawa ta kafa Hukumar Fassara don samar wa makarantu littattafai. Daga baya, a ƙarƙashin East, ta zama Hukumar Talifi, wadda ta shirya gasar 1933 da ta fito da Imam. A 1939 aka soma buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam na editan ta. Ka ga ke nan kafin Ikon Allah ya fito, mutumin nan ya yi shekara goma ya na bayyana wa talaka abubuwan da bai taɓa gani ba, har da labarin Yaƙin Duniya na Biyu.

A nan ne gizo ke saƙar. Rubutun bayani ya fi ƙagaggen labari wuya, domin a labari in ka yi kuskure ka ce haka ka tsara, amma in ka na bayanin yadda ake kamuwa da cuta, ko yadda tsiro ke fita, kuskuren ka zai bi mutum har gida. Don haka bincike biyu ne a kan marubucin. Na farko, ya san abin da kan sa, ya karanta, ya tambayi masana. Na biyu, wanda mu ka fi sakaci da shi, ya binciki bakin mai karatun sa: me manomi ke kiran wannan ƙwaron? Da me za a kwatanta masa abin har ya ce, "Au, ashe haka ne!" A gani na, haɗuwar mutanen nan biyu ita ta cike giɓin. Ɗaya ya na da littattafan Turai a hannu, ɗayan kuwa ya san inda Hausa ke kwana. Ko sunan littafin ma dabara ce. A lokacin da iyaye da yawa ke ɗari-ɗari da boko, sai aka nuna masu cewa duba halitta duba ikon Mahalicci ne.

Hukumar NORLA ta ɗora a kan wannan turba a shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, da ƙananan littattafai masu arha, kafin a rufe ta a 1959.

Yanzu fa? Kwanaki na sayi magani, na buɗe takardar cikin kwalin, wai an fassara ta da Hausa. Wallahi sau uku na karanta ban gane ko kafin cin abinci ake sha ko bayan an ci ba, sai da na koma ga Turancin. Ina ga tsohuwar da jikan ta ɗan firamare ne zai karanta mata?

Mu ma 'yan fim da marubuta ba mu tsira ba. Sau nawa ka ga likita a fim ya taɓa goshin mara lafiya kawai, ya girgiza kai, ya ce ciwon zuciya ne? Ko alƙali ya yanke hukuncin kisa a zaman farko? Alhali asibiti da kotu duk su na nan bayan layin furodusan, kuɗin acaɓa kawai zai kashe ya je ya tambaya.