Jaridar Kwabo da Kunnen Zango

Wanda ya bi ta Kejetia a Kumasi da sassafe zai tarar da mai sayar da jarida ya baje Daily Graphic da Ghanaian Times, mutane sun yi masa zobe suna karanta kanun labarai a tsaye, kowa hannunsa a aljihu, kaɗan ne ke fito da kuɗi. Ana cewa waya ce ta kashe jarida. A wajenmu mutanen zango maganar ta fi haka tsawo, domin tun asali labari ta kunne ya fi iso mana.

A zamanin fataucin goro, ayarin da ya taso daga Kano ya sauka Salaga shi ne jaridarmu. Madugu na sauke kaya, mai masauki na tambayar wa ya rasu, wa aka naɗa, nawa gishiri. Abin da ya cancanci ajiya kuwa malamai ke rubuta shi da ajami, irin su Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya bar rubutu a kan yaƙin basasar Salaga na 1892 da zuwan Nasara.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa, kwabo ɗaya kuɗinta. Ba ta da shago a unguwarmu. Kakana, Allah Ya jiƙansa, yakan same ta a jakar baƙon da ya zo daga Arewa, wani lokaci ta yi wata guda da fitowa. Shi kansa ajami ya iya, bai iya boko ba. Sai a kira wani tsohon soja da ya koyi baƙaƙen Turawa a bariki, a shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ya karanta da ƙarfi, jama'a na gyara masa inda ya yi tuntuɓe. Kwafi ɗaya, masu ji sun fi ashirin, kuma tsufan labarin bai dami kowa ba. Wanda ya yi gardama, a ce a komo baya a sake karantawa.

Rediyo ce ta fara raba wannan zama. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, shekarar da Gana ta sami 'yanci, na Jamus ya biyo a 1963, na Amurka a 1979, ga kuma Hausar gidan rediyon ƙasa. Da tashoshin FM masu zaman kansu suka yawaita bayan 1995, sai suka ɗauki al'adar karanta kanun jaridu kowace safiya. Wanda ya ji a kyauta, me zai kai shi teburin mai jarida?

Yau ga saƙon murya a WhatsApp, ga bidiyo a Facebook. Mun koma inda muka fi sabawa, kuma ba na ganin laifin tsohuwar da take jin labarin Kano a ranar da ya faru. Abin da ke damuna biyu ne. Tsohon sojan nan mun san shi, mun san gidansa, takardar kuma tana hannunsa. Muryar da ake turo mana yanzu sau da yawa ba a san mai ita ba. Na biyu ya fi ciwo. 'Ya'yanmu da Turanci suke karatu, Hausa a baki kawai take, in sun zo rubuta ta sai kowa ya ƙaga nasa. Jarida ce ke nuna wa mutum bambancin ƙafa da kafa, ɗaki da daki.

Akwatin kakan nawa yana nan. Akwai shafi huɗu a ciki da suka yi ja don tsufa, gara ta ci gefensu. Na miƙa wa ƙanena mai digiri ya karanta mini, ya kai layi na uku ya tsaya yana tambayata wane harafi ne wannan mai lanƙwasa a ka.