Tashin matattu a addinin Kirista: ma'anarsa da albarkun da masu bi ke sa rai da su

Tashin matattu shi ne ginshiƙin addinin Kirista. Aƙidar tana da fuska biyu. Ta farko, Kiristoci sun gaskata cewa Yesu Almasihu ya tashi daga kabari a rana ta uku bayan an gicciye shi. Ta biyu, sun gaskata cewa dukan mutane za su tashi a ranar ƙarshe domin a yi musu shari'a. Katolika da Otodoks da Furotesta sun saɓa a kan batutuwa da dama, amma a kan wannan bakinsu ɗaya ne. Shi ake tunawa a bikin Pak, wanda a Najeriya ake kira Ista, kuma Litinin ɗin da ke bin bikin ranar hutu ce a Nijar.

Asalin aƙidar

Littattafan Bishara huɗu, na Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, sun ba da labarin cewa an gicciye Yesu ranar Juma'a a Urushalima, wato birnin Ƙudus, a zamanin Bilatus, gwamnan da daular Rum ta naɗa wa yankin Yahudiya daga shekarar 26 zuwa 36. Yawancin masana tarihi suna sa wannan a shekarar 30 ko 33. Bisa labarin, da asubahin Lahadi wasu mata, ciki har da Maryamu Magadaliya, suka je kabarin suka tarar babu gawa a ciki. Littafin Ayyukan Manzanni ya ƙara da cewa Yesu ya yi kwana 40 yana bayyana ga almajiransa kafin a ɗauke shi sama.

Bayani mafi tsawo kan batun yana cikin sura ta 15 ta wasiƙar farko da manzo Bulus ya aika wa Korintiyawa wajajen shekarar 54. A ciki ya lissafa waɗanda ya ce sun ga Yesu a raye: Bitrus, da almajirai 12, da mutane sama da 500 a lokaci guda, da Yakubu, sannan shi kansa. Bulus bai yi kwana-kwana ba. Ya ce idan wannan labari ba gaskiya ba ne, to wa'azinsa da bangaskiyar masu saurarensa duka sun faɗi. Daga baya taron limaman Kirista na Nikiya a 325 da na Kustantiniya a 381, duka a ƙasar Turkiyya ta yau, suka sa aƙidar cikin shahadar bangaskiya da ake karantawa a majami'u har gobe.

Albarkun da ake dangantawa da shi

Ta farko ita ce gafarar zunubi. A koyarwar Kirista, mutuwar Yesu hadaya ce domin zunuban mutane, tashinsa kuwa shaida ce cewa Allah ya karɓi hadayar. Don haka mai bi yana ɗaukar cewa an yafe masa bashin da ba zai iya biya da kansa ba.

Ta biyu ita ce sabuwar rayuwa tun a duniya. A sura ta 6 ta wasiƙarsa ga Romawa, Bulus ya kwatanta baftisma da binnewa da tashi: tsohon hali ya shiga ruwa ya mutu, sabon mutum ya fito. Wannan albarka tana tafe da nauyi, domin ana sa ran wanda aka yi wa baftisma ya bar ƙarya da zalunci da riƙo a zuci.

Ta uku ita ce tabbacin cewa mai bi ba shi kaɗai yake ba. Tun da a wurin Kiristoci Yesu yana raye, sun gaskata yana roƙo dominsu a gaban Allah, kuma ya aiko da Ruhu Mai Tsarki ya ƙarfafa su. Ana tunawa da saukar Ruhun a ranar Fentikos, rana ta 50 daga Pak.

Ta huɗu ita ce raguwar tsoron mutuwa, kuma a gidan makoki aka fi ganinta. Bulus ya kira Yesu nunan fari na waɗanda suka mutu. Manomin gero ya san ma'anar wannan: ranar da aka gasa tumu ba a cika rumbu ba tukuna, amma an san kaka tana tafe. A wasiƙarsa ga mutanen Tasalonika, bai hana masu makoki kuka ba, ya dai ce kada baƙin cikinsu ya zama na wanda ya yanke ƙauna. Shi ya sa ake rera waƙoƙin yabo a jana'izar Kirista, ana kuma karanta nassosin tashi a bakin kabari.

Ta biyar ita ce alkawarin sabon jiki. Kiristanci bai koyar da cewa rai kaɗai ne zai wanzu ba. Jikin ma zai tashi, amma ba mai ciwo ko tsufa ko ruɓa ba. Misalin da Bulus ya bayar shi ne na iri: ƙwayar da aka shuka ba ta kama da tsiron da ya fito, alhali abu ɗaya ne. Malaman Kirista suna kafa hujja da wannan wajen girmama gawa da kula da marasa lafiya.

Inda ɗariƙu suka bambanta shi ne hanyar samun albarkun. Furotesta suna jaddada bangaskiya kaɗai. Katolika da Otodoks suna haɗa bangaskiya da ibadu irin su baftisma da jibin Ubangiji, suna kuma yi wa mamata addu'a, abin da yawancin Furotesta ba sa yi.

Lokacin bikin

Pak ba shi da tsayayyar rana. Yana faɗawa a Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta, wato tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Otodoks suna bin tsohuwar kalanda, don haka ranarsu takan bambanta, ko da yake a 2025 duka sun yi bikin ranar 20 ga Afrilu. Katolika suna share fage da azumin kwana 40, kuma a daren Asabar suna kunna babban kyandir, su yi wa sababbin masu bi baftisma.

A Nijar

Kiristoci ƴan ƙalilan ne a Nijar. Mishan ɗin SIM ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya kuma buɗe asibitin Galmi a jahar Tawa a 1950. Katolika suna da dayosis biyu, na Yamai da na Maraɗi wanda aka kafa a 2001. A majami'u da yawa na kudancin ƙasar da Hausa ake wa'azi da waƙa, daga Littafi Mai Tsarki da aka fara fitarwa cikakke da Hausa a 1932.

Bambanci da Musulunci

Musulmi da Kirista duka sun yi imani da tashin ƙiyama da hisabi. Saɓaninsu yana kan abin da ya faru da Annabi Isa, alaihis salam. Aya ta 157 da ta 158 na Suratun Nisa'i sun nuna ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare shi. Kiristoci kuwa sun tsaya a kan cewa ya mutu ya tashi. Addinan biyu suna jiran dawowarsa a ƙarshen zamani, kowanne bisa fahimtarsa.