Tramol: yadda ake rabuwa da shi ba tare da jefa rai cikin haɗari ba

Tramadol, wanda a tasha da kasuwa ake kira tramol, maganin rage zafin ciwo ne da bai kamata a sayar ba sai da takardar likita. Sai dai da yawa daga cikin masu shansa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ba ciwo ne ya kai su ba. Ɗan kabu-kabu na sha don ya wuni bisa babur, ɗan dako don ya ɗauki buhu, manomi don ya gama huɗa kafin ruwa ya wuce shi, mai haƙar zinariya don ya jure zaman rami. Wasu kuma don su daɗe wajen saduwa da iyali. A wurinsu maganin ƙarfi ne. Ranar da ɗayansu ya yi niyyar bari, sai ya tarar jikinsa ya ƙi, kuma abin da ya ɗauka al'amari ne na zuciya kaɗai ya zama al'amari na asibiti.

Magani biyu cikin ƙwaya ɗaya

Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ne ya haɗa tramadol a 1962, ya shigar da shi kasuwa a 1977 da sunan Tramal. Yana aiki ta hanya biyu. Ta farko, dangin morfin da kodin ne: yana danne zafin ciwo, yana kawo nutsuwa, idan ya yi yawa kuma yana rage numfashi. Ta biyu, yana ƙara yawan sinadaran serotonin da noradrenalin a ƙwaƙwalwa, kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Wannan ta biyun ce ke sa mai sha ya ji ya wartsake, gajiya ta tafi, baki ya buɗe. Shi ya sa maganin da aka yi don marar lafiya da ke kwance ya koma maganin mai aikin ƙarfi.

Hanta ce ke juya tramadol zuwa wani sinadari da ya fi shi ƙarfi, kuma ba hantar kowa ke yin haka da sauri ɗaya ba. Abokai biyu na iya shan ƙwaya iri ɗaya a fada ɗaya, ɗaya ya tashi ya hau babur, ɗaya ya kife.

A asibiti, ƙwayar da aka saba bayarwa miligiram 50 ce, kuma ƙa'ida ita ce babba kada ya wuce miligiram 400 a rana. Wadda ke yawo a hannun masu talla tana ɗauke da 120, 200, 225 ko 250, mafi yawanta daga Indiya. Ƙwaya biyu ta 225 sun riga sun haura iyakar yini guda. Daga nan haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya ke ƙaruwa, ko ga mutumin da bai taɓa faɗuwa ba a rayuwarsa.

Indiya ta sa tramadol cikin jerin ƙwayoyin da take sa wa ido a 2018. Bayan haka wasu ƙwayoyi suka bayyana a kasuwannin Afirka ta Yamma, irin su Tafrodol, masu kama da tramol a fakiti amma cikinsu tapentadol ne haɗe da carisoprodol. Indiya ta haramta wannan haɗin a watan Fabrairun 2025. A nan gida hukumar OCRTIS na kama kaya, amma kamu bai gaya wa mai sha abin da ke cikin ƙwayar da ya riga ya haɗiye ba. Wannan na da muhimmanci ga mai son bari, domin carisoprodol na da nasa ciwon dainawa, kuma shi ma yana iya kawo jijjiga.

Abin da ke faruwa idan aka yanke

Likitocin da suka yi karatu da Faransanci suna kiran wannan mataki sevrage, kalmar da ake amfani da ita wajen yaye yaro daga nono. Hausa ma yaye ya fi dacewa da shi, kuma duk uwa ta san yaye na da kwanakinsa na kuka.

Alamomin kan fara tsakanin rabin yini da yini guda bayan ƙwayar ƙarshe. Hamma, hawaye, majina, gumi da sanyi a lokaci guda, ciwon gaɓoɓi da na baya, murɗar ciki, zawo, amai. Ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya da dare, barci ya ƙaurace. Abin ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, sannan ya fara sauka, yawanci cikin sati ɗaya zuwa kwana 10. Mutane da yawa kan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su sayi maganinsa, ko kuma su koma ga ƙwayar su ga ciwon ya ɓace cikin awa guda. Wannan ɓacewar ita ce shaida mafi ƙarfi cewa jiki ya kamu.

Akwai kuma wani nau'in ciwon da ya bambanta tramol da kodin ko morfin, wanda ke fitowa daga ɓangarensa na biyu. Kusan mutum 1 cikin 8 na masu ciwon dainawa kan gamu da shi: tsoro mai tsanani ba dalili, bugun zuciya, ruɗewa, jin kamar ana tsira allura a hannu da ƙafa, zargin cewa ana bin sa, wani lokaci har da ganin abin da babu ko jin muryoyi. A gidaje da yawa a nan ake cewa iska ce ta taɓa shi. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma wanda ya kai wannan hali likita yake buƙata a ranar.

Ciwon dainawa shi kaɗai ba kasafai yake kashe babba mai lafiya ba. Abin da ke kewaye da shi ne ke kisa: bushewar jiki saboda zawo da amai a zafin watan Afrilu, jijjiga a kan babur ko a bakin rijiya, baƙin cikin da ke kai wasu ga tunanin kashe kansu.

Saukowa mataki-mataki

Hanyar da likitoci suka fi yarda da ita ita ce rage ƙwayar sannu a hankali. Ma'aunin da aka saba shi ne a rage kusan kashi 10 cikin 100 a kowane mataki. Wanda bai daɗe yana sha ba zai iya sauka mataki ɗaya duk sati. Wanda ya shekara ko fiye, mataki ɗaya na iya ɗaukar wata guda. Mai shan miligiram 400, alal misali, za a iya sauke shi zuwa 350, ya zauna a nan har jikinsa ya daidaita, sannan 300. Matakan ƙarshe, daga 100 zuwa babu, su ne suka fi wuya, kuma a nan ake ƙara sassautawa. Idan wani mataki ya yi tsanani ana tsayawa a kansa, ba a komawa sama.

Ba a yin wannan lissafi da ƙwayar talla, tunda abin da aka rubuta a fakiti ba lallai ne shi ke ciki ba. Da ƙwayar farmasi ake yi, bisa takardar likita, ana sha a sa'o'in da aka tsayar maimakon duk lokacin da rai ya so. Ya fi kyau wani amintacce, mata ko uwa ko babban wa, ya riƙe maganin yana ba da na yini-yini.

Mataki na farko dai shi ne gaya wa likita ko majon CSI gaskiya: ƙwaya nawa a rana, ta nawa, tun yaushe, da me ake haɗawa. Mai sha kan rage adadin saboda kunya, sai a tsara masa saukowar da ta fara ƙasa da inda yake, ya sha wuya, ya gudu. In da hali a tafi da fakitin.

Likita na iya ƙara magungunan sauƙaƙa wahala: paracetamol ko ibuprofène don ciwon jiki, lopéramide don zawo, ruwan gishiri da sukari na SRO don mayar da abin da jiki ya zubar, wani lokaci clonidine don gumi da bugun zuciya, ita kuma sai ana auna hawan jini domin tana saukar da shi. Abin da bai kamata mutum ya yi da kansa ba shi ne maye gurbin tramol da diazépam, sirop na kodin ko giya don ya samu barci. Haɗa su na danne numfashi, kuma diazépam na da kamun da fita daga cikinsa ya fi na tramol haɗari. Mai shan maganin damuwa irin su amitriptyline ko fluoxétine shi ma ya faɗa, saboda haɗuwarsu da tramol na iya kawo zazzaɓi, rawar jiki da ruɗewa.

Wasu bai dace su gwada a gida ba ko kaɗan: wanda ke shan abin da ya ninka iyakar 400, wanda ya taɓa faɗuwa, wanda ke haɗawa da diazépam ko giya kullum, mai ciwon zuciya, hanta ko ƙoda, da wanda ya taɓa tunanin kashe kansa. Mace mai ciki kada ta yanke kai-tsaye, domin hakan na iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci, kuma ungozoma na buƙatar sani tun da wuri saboda jaririn ma kan fito da ciwon dainawa. Irin waɗannan ana tura su sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar Pavillon E na babban asibitin ƙasa da ke Yamai. Sunan wurin kaɗai na korar mutane, don an ɗauke shi gidan mahaukata, alhali can ne ake samun waɗanda suka san aikin. Ga masu kamu mai nauyi, wasu ƙasashe na amfani da méthadone, kamar cibiyar CEPIAD da aka buɗe a Dakar a ƙarshen 2014.

Mutane da yawa kan zaɓi watan azumi don su bari. Niyyar mai kyau ce, amma wanda ya yanke a daren farko zai tarar kwanakin zawo da amai sun faɗo daidai lokacin da ba ya shan ruwa. Gara a fara ragewa tun watanni kafin azumin. Ɗaure mutum da mari ko kulle shi a ɗaki kuwa yankewa ce ta dole ba tare da kulawa ba. A Satumban 2019 ƴan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gida irin wannan a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Masu ciwon sikila da sauran masu ciwo na gaske lamarinsu daban ne. Jikinsu na iya sabawa da maganin ba tare da sun zama ƴan ƙwaya ba, kuma ba a rage musu sai an tanadi abin da zai riƙe ciwon.

Ritaline da danginta

Akwai magungunan da su ne ainihin masu zaburar da ƙwaƙwalwa, irin su méthylphénidate, wanda aka fi sani da Ritaline, da amphétamine. Ana rubuta su ga masu matsalar rashin tattara hankali, ɗalibai kuma kan sha su don raba dare suna karatu. Dainawarsu ba ta zuwa da zawo da majina. Mutum kan faɗi ne warwas: barci mai yawa, yunwa, kasala, baƙin ciki mai nauyi a kwanakin farko, sannan makonni na rashin jin daɗin komai. Babu wani magani da aka amince da shi musamman don wannan kamu, aikin na tattaunawa da ƙwararre ne da bibiya. Babban abin tsoro a nan tunanin kashe kai ne, don haka ba a barin mutum shi kaɗai a satin farko.

Bayan yaye

Kwana 10 na fitar da ciwon jiki, amma barci, ƙarfi da walwala kan ɗauki makonni ko watanni kafin su dawo. A wannan tsakanin ne dalilin da ya kawo ƙwayar tun farko ke dawowa. Ɗan kabu-kabun da ke biyan mai babur kuɗin yini zai ga ba ya iya awoyin da ya saba. Idan iyali ba su yarda cewa kuɗin cefane zai ragu na ɗan lokaci ba, ko mai babur bai sassauta ba, matsin zai mayar da shi. Wannan magana ya kamata a yi ta kafin a fara ragewa. Haka fadar da ake jefa ƙwaya cikin shayi ko kofi: wanda ya ci gaba da zama a cikinta kullum yana gwada kansa da abin da ya fi ƙarfinsa. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, amma a nan wayo ma bai cika kuɓutar da mutum ba.

Komawa sha bayan an daina abu ne da ke faruwa ga mutane da yawa, kuma ba ya nufin aikin ya rushe. Sai dai ita ce rana mafi haɗari. Bayan sati biyu ko uku ba ƙwaya, jiki ya manta sabon da ya yi, adadin da mutum ke sha da can yana tafiya aiki yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Alamominsa su ne barcin da ba a iya tayarwa, numfashi a hankali ko da minshari mai ƙarfi, leɓɓa su canza launi. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko madara, a kai shi asibiti nan take ko a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi, amma ba ta hana jijjigar tramol, don haka ko ya farfaɗo sai an riƙe shi ana dubawa. Idan jijjiga ce ta kama shi, a janye abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. Wadda ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa kafin ya dawo hayyacinsa, ba a jiran ta wuce a gida.